Dalar Amurka mai ruwan gwal: zinariya ce ko tagulla?

Wasiƙun da suka iso filin nan a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kwandalar nan ta dala ɗaya ta Amurka mai launin gwal, wadda ke yawo a hannun jama'a daga Ngaundere har Njamena. Mun haɗa masu kama da juna. Kafin mu shiga, a kula da sunan: a nan ƙasar idan aka ce dala, sefa biyar ake nufi. A cikin amsoshin nan kuwa, duk inda muka ce dala ta Amurka ce, sai inda muka fayyace.

Tambaya daga wani ɗan gwanjo a Garwa: Na kwance dila na tsinci kwandala uku a aljihun wata kwat. Launinsu na gwal, a gaba akwai mace goye da yaro, an rubuta 2000, a baya kuma gaggafa tana tashi. Maƙwabcina a kasuwa ya ce zinariya ce, kada in kuskura in sayar da araha. Nawa ne giram ɗinta?

Malam, Allah ya ƙara kasuwa, amma babu ko ƙwayar zinariya a cikinta. Nauyinta giram 8.1 ne, faɗinta milimita 26.5, kaurinta milimita 2. Cikinta jan ƙarfe ne zalla, an lulluɓe shi sama da ƙasa da wata irin tagulla mai haɗin manganis. Idan aka lissafa kwandalar gaba ɗaya, kashi 88.5 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 6 tutiya, kashi 3.5 manganis, kashi 2 nikel. Ka juya ta ka dubi bakinta da kyau a cikin haske, sau da yawa za ka hango jan layi a tsakiya. Jan ƙarfen ke nan yake leƙowa. Da za a narka ta a sayar wa 'yan jari-bola, ƙarfen da ke ciki bai kai sefa ɗari ba.

Matar da ka gani sunanta Sakagawiya, 'yar ƙabilar Shoshoni ce daga mutanen asali na Amurka, wadda ta yi wa ayarin masu binciken ƙasa na Lewis da Clark tafinta a tafiyarsu ta 1804 zuwa 1806, da ɗanta a goye. An fara fitar da kwandalar a 2000, kuma a wannan shekarar kaɗai an buga fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu: kusan miliyan 767 a gidan buga kuɗi na Filadelfiya, kusan miliyan 519 a na Denba. Ƙaramin harafin da ke ƙarƙashin shekarar shi ke nuna inda aka buga, P na Filadelfiya, D na Denba. Abin da aka buga da yawa haka ba ya tsada.

Launin ma da dalilinsa. Kafin ta akwai wata dalar mai hoton Susan B. Anthony da aka fitar a 1979, fara ce, girmanta ya yi kusa da na kwata, wato santi 25, mutane suka yi ta rikita su wajen biyan kuɗi har suka ƙi ta. Sai dokar 1997 ta ce sabuwar dala ta zama mai ruwan gwal don ido ya bambance ta nan take. Aka zaɓi haɗin manganis domin na'urorin sayar da kaya da ke karɓar tsohuwar su karɓi sabuwar ba tare da an canja su ba. Wajen tallata ta kuma aka riƙa kiranta dala mai ruwan gwal, sunan ya bi ta, ya tsallako teku, a hanya "ruwan" ya faɗi ya bar "gwal". Ka tuna tsohuwar dala biyar tamu, wato sefa 25 mai kawunan namun daji uku masu ƙaho. Ita ma rawaya ce tana sheƙi in sabuwa ce, amma ba wanda ya taɓa kai ta wurin maƙerin zinariya.

Darajarta dai dala ɗaya ce. Canjin yana hawa yana sauka, amma ka ƙaddara sefa ɗari biyar da wani abu zuwa ɗari shida da 'yan kai. Ukun nan naka ba su cika jaka biyu ba.

Tambaya daga wani dattijo a Njamena: Tawa hoton namiji ce, an rubuta George Washington, a ƙasa kuma 1789-1797. Ke nan ta haura shekara ɗari biyu. Wani ya taya ta jaka hamsin na ƙi. Na yi daidai?

Baba, Allah ya ƙara girma. Shekarun nan ba na buga kwandalar ba ne, shekarun da mutumin ya yi yana mulki ne. A 2007 aka buga taka. Ka tsayar da ita a kan bakinta ka riƙa juyawa a hankali, za ka ga rubutu an zana a jikin bakin, shekarar tana nan tare da harafin P ko D. Wannan jerin na shugabannin Amurka ne, an fara shi a 2007, ana fitar da mutum huɗu kowace shekara bisa jerin mulkinsu, har 2015, uku a 2016, sannan aka ƙara na George H. W. Bush a 2020. A bayan kowace akwai mutum-mutumin nan na mace riƙe da tocila da alamar $1. Don haka mai John Adams za ka ga 1797-1801, mai Abraham Lincoln 1861-1865, alhali ta Lincoln ɗin a 2010 ta fito. Ƙarfensu, nauyinsu da faɗinsu duk ɗaya ne da mai goyon da muka yi bayani a sama. Ta Washington kaɗai an buga fiye da miliyan 340.

Batun jaka hamsin kuwa, abu biyu ne. Ko mai tayin shi ma shekarun ne suka ruɗe shi, ko kuwa shiri ne. Salon da 'yan damfara ke yi sananne ne: ɗaya ya sayar maka da guda ɗaya da sauƙi, na biyu ya zo ya taya da tsada ya ce in da guda ashirin zai kwashe, kai kuma ka koma wurin na farko ka zuba kuɗinka ka sayi ashirin, daga nan duka biyun wayarsu a kashe. In an ce maka ka nemo ƙari, to ka riƙe aljihunka. In kuma mutumin da gaske yake, sayar masa da ita a kan jaka hamsin bayan ka san ko sefa dubu ba ta kai ba, cin haram ne. Ka gaya masa gaskiya.

Tambaya daga wata Hajiya a Kusiri: Za a aurar da 'yar ƙanwata, dangin ango sun kawo sisin gwal biyu cikin sadaki. Mun aza a sikelin wani mai shago, kowane ya ba da giram takwas, kamar yadda aka ce sisin gwal yake. Amma a jikinsu an rubuta ONE DOLLAR, kuma sun fi wanda na sani faɗi. Yaya za mu gane ba tare da mun tozarta surukai ba?

Hajiya, kin yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma idonki ya riga ya ba ki amsa. A nan ne kwandalar nan ta fi cutar mutane, saboda wani dacen da aka samu: sisin gwal na Ingila, mai mahayin doki yana sukar dodo a baya, nauyinsa giram 7.99 ne, ita kuma dalar tagulla giram 8.1. A sikelin da ba ya nuna ƙananan lambobi, duka biyun takwas za su ba da. Sikeli shi kaɗai bai isa shaida ba.

Abin da ke raba su shi ne girma. Zinariya ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai a ɗan ƙaramin jiki, ta ninka jan ƙarfe sau biyu har da ɗoriya. Shi ya sa sisin gwal na gaske faɗinsa milimita 22 ne, kaurinsa milimita ɗaya da rabi, bakinsa kuma da tsaga-tsaga, yayin da dalar ke da milimita 26.5 da kauri 2, bakinta sumul ko mai rubutu. Na Faransa mai faran 20, wanda ake kira Napoliyon, shi giram 6.45 ne, faɗi milimita 21. Da a ce dalar nan zinariya ce a girman da take, da ta kai giram goma sha shida zuwa goma sha takwas. Rula ta ɗan makaranta ma ta isa ta nuna bambancin milimita huɗu da rabi. In akwai makanike a gidan, ma'aunin da suke auna kaurin ƙarfe da shi ya fi.

Akwai gwajin ruwa da za ki iya yi a ɗaki, ba wanda ya sani, kuma ba ya taɓa lafiyar kwandalar. Ki samo sikelin dijital mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin wanda masu sayen zinariya ke riƙewa. Ki auna kwandalar a bushe ki rubuta. Ki ɗora ɗan ƙaramin kofin roba da ruwa a kan sikelin, ki danna ya koma sifili. Ki ɗaure kwandalar da siririn zaren ɗinki, ki saka ta a ruwan tana reto, ta nutse duka amma kada ta taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna ki rubuta. Sai ki raba nauyin farko da na biyu. Dalar tagulla za ta nuna kusan 0.9 a cikin ruwa, in kin raba 8.1 da shi ki samu wajen 9. Sisin gwal na gaske zai nuna kusan 0.45 ko 0.46, rabon ya ba da wajen 17 da rabi. Tsakanin tara da goma sha bakwai babu wurin gardama.

Inda gwajin ke lalacewa: kwandalar ta zauna a gindin kofi, sai sikelin ya nuna nauyinta duka. Ko kumfar iska ta maƙale a jikinta, lambar ta ƙaru, don haka ki ɗan girgiza zaren. Ko fanka tana kaɗawa, lambobin su yi ta rawa. Ko kofin da ruwan sun fi ƙarfin sikelin, domin da yawansu giram ɗari ko ɗari biyu ne iyakarsu. Ki maimaita sau uku.

Mayen ƙarfe kuwa kada ki dogara da shi. Ba ya kama zinariya, amma ba ya kama dalar nan ma, ga shi masu cuta suna son nuna wannan gwajin a gaban mutane kamar wata hujja. Cizo da haƙori shi ma wasan yara ne. Maƙerin zinariya zai goga bakin kwandalar a baƙin dutsen gwaji ya ɗiga asid a kan zanen: na tagulla zai ɓace nan take, na zinariya ya tsaya. In an ɗiga a jikin tagullar kanta sai ta yi kumfa ta koma kore. Gwajin yana da kyau, sai dai yana barin tabo, kuma asid ɗin yana ƙona fata, ba abin yi a gida ba ne.

Rubutun ma shaida ne. Zinariyar da Amurka ke bugawa a wannan zamani yawanci tana faɗin kanta a jiki. Mai oza ɗaya da aka fara a 1986 an rubuta mata 1 OZ. FINE GOLD da 50 DOLLARS, nauyinta giram 33.93. Ƙaramarta ta kashi ɗaya cikin goma na oza dala biyar aka rubuta mata, giram 3.39. Dala ɗaya ta zinariya ta gaske don kashewa an yi ta, amma daga 1849 zuwa 1889, kuma 'yar mitsitsiya ce kamar maɓallin riga, giram 1.67, faɗinta bai wuce milimita 15 ba. Duk kwandala mai faɗi mai ruwan gwal da aka rubuta wa dala ɗaya da shekarar dubu biyu da wani abu, aka miƙo miki a kasuwa, kusan tabbas tagulla ce.

Game da surukai, mai yiwuwa su ma sayar musu aka yi. Kada maganar ta fito daga bakin mata a tsakar gida. Waliyyin yarinya ya kira wakilin ango gefe kafin ɗaurin aure, ya ce al'adar gidanmu ce a kai gwal wurin maƙeri a gaban ɓangarorin biyu. Su tafi tare, maƙerin ya faɗa da bakinsa. Sadaki haƙƙin yarinya ne, kuma gyara tun kafin a shafa fatiha ya fi sauƙi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Marwa: Na ga a Facebook ana cewa dalar 2000 mai harafin P ana sayenta dubban daloli. Ina da guda biyu masu P. Ƙarya ce ko gaskiya?

Ɗan'uwa, akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce aka hura ta. Harafin P ba komai ba ne, mun faɗa a sama miliyan nawa ke ɗauke da shi. Waɗanda ke tsada 'yan tsiraru ne masu wata alama ta daban.

A farkon 2000 an saka dala 5,500 a cikin kwalayen abincin karin kumallo na Cheerios don talla. Sai a 2005 masu tara kwandaloli suka lura cewa waɗansu daga ciki an buga su da wani zubi na farko, inda gashin jelar gaggafar ke da ƙananan jijiyoyi a fili, kamar gashin tsuntsu na gaske. A ta yau da kullum gashin jelar sumul yake. Wannan ita ce ke kai dubban daloli. Ka karɓi gilashin ƙara girma wurin mai gyaran waya ka duba jelar taka. Kusan tabbas sumul za ka gani.

Akwai kuma wadda aka yi kuskuren haɗa mata fuska biyu da ba nata ba: gaba hoton Washington na kwata da rubutun QUARTER DOLLAR, baya gaggafar dala ɗaya, jiki kuma mai ruwan gwal. Waɗanda aka sani ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma an sayar da ɗaya dala 192,000 a gwanjo a 2018. Saboda haka ne ma ake buga na jabu ana sayarwa a intanet. Sai guda 5,000 da aka biya Glenna Goodacre da su, matar da ta zana hoton, masu wani irin sheƙi na musamman. Sai wadda ake ce wa gaggafa mai rauni, mai wani layi da ya tsaga cikin tsuntsun kamar an soke shi da mashi.

Na zinariyar gaske ma akwai, don kada wani ya kawo maka labarin ya ruɗe ka. A 1999 an buga guda 39 da zinariya mai karat 22, da harafin W. Goma sha biyu sun je sararin samaniya cikin kumbon Columbia a watan Yulin shekarar, aka narka sauran, aka kulle sha biyun a wancan lokacin a Fort Knox, rumbun ajiyar zinariyar Amurka. Ba a taɓa sakin su cikin kuɗin kashewa ba, balle su faɗo dilar gwanjo.

A jerin shugabanni, sanannen kuskure shi ne na Washington ta 2007 da ta fita babu rubutu a baki ko kaɗan. Da farko an saye ta ɗaruruwan daloli, da aka ga dubbai ne suka fita haka farashin ya faɗo zuwa 'yan gomomi. Nan ma a kula da abu uku. Mai goyo ta 2000 zuwa 2008 dama can bakinta sumul yake, ba kuskure ba ne. Rubutun baki da ya zo a kife shi ma ba kuskure ba ne, inji yana buga shi ta kowace fuska kwandalar ta faɗo. Sannan akwai masu goge rubutun da magagari, ka gane su ta raguwar faɗi da nauyi da sawun gugar.

Farashin da kake gani a kasuwar intanet ta eBay kuma yawanci abin da mai kaya ya sa wa kayansa ne. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi. Ka nemi jerin abin da aka riga aka sayar, nan gaskiyar take. Mai sayen kwandala mai tsada ba ya biya sai wani kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC ya duba ta, ya ba ta maki tsakanin 1 da 70, ya rufe ta a kwalin roba. Kuɗin aikin da na aikawa daga Marwa zuwa Amurka da dawowa zai ninka darajar dala ɗaya sau da yawa. Kada ka aika sai alamar ta fito ƙarara a hoto mai kyau.

Tambaya daga wata mai karatu a Ngaundere: Nawa sun yi baƙi. In wanke da lemun tsami da toka? Kuma akwai guda cikin ɗan akwati da takarda mai cewa an shafe ta da gwal karat 24.

Malama, baƙin nan halin tagullar manganis ne, gumin hannu da iska suna mayar da ita ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci, kuma shi kansa shaida ne cewa ba zinariya ba ce. In ta yau da kullum ce, wanki ba zai ƙara mata ko rage mata komai ba. In kuma kina zaton tana cikin masu alamar da muka ambata, kada lemun tsami ko toka ko soson ƙarfe su taɓa ta, don masu tarawa suna karya farashin wadda aka goge ƙwarai. Ki riƙe ta ta baki, ki ajiye a busasshiyar takarda. Masu huda ta su yi sarƙa kuma su sani tana iya barin kore a wuya lokacin zafi.

Ta cikin akwatin, kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayen dalar su shafa mata ruwan gwal su sayar a matsayin tsaraba. Shafin ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, ba a iya kankaro abin sayarwa daga jikinsa. Masu tarawa ma kallon wadda aka ɓata suke yi mata.

Tambaya ta ƙarshe, daga masu karatu da dama: To ina za mu canja su?

Nan ne gizo ke saƙar. Kwandalar kuɗi ce halattacciya a Amurka, kuma tana kashuwa a Ekwado da Salbado inda dalar Amurka ce kuɗin ƙasa. A Ekwado ma ta fi karɓuwa fiye da gidansu, domin Amurkawa sun fi son dalar takarda, har kwandalolin suka taru jibgi a rumbun babban bankinsu, aka daina buga na shugabanni don kashewa a ƙarshen 2011. Daga 2012 sai don masu tarawa kawai ake bugawa, haka ma sabon jerin dalolin da ke nuna ƙirƙire-ƙirƙiren Amurka da aka fara a 2018. Waɗannan na baya, in sababbi ne fil, sukan ɗara dala ɗaya da kaɗan a can.

A nan kuwa bankuna da 'yan canji takarda suke karɓa, ba sa son tsabar ƙasashen waje, saboda nauyinta da wahalar mayar da ita inda ta fito. Wanda ya yarda ya karɓa zai karya ta ƙasa da rabi. Hanya mafi riba ita ce ku tara su, in an samu ɗan'uwa ko ɗalibi mai tafiya Amurka ku ba shi ya musanya muku da sefa a farashin ranar, shi ya sayi shayi da su a filin jirgi.